Yadda kuke ware girke-girken littafi bisa lokutan shekara

Wata uwargida, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Littattafan girkin da nake da su, na Hausa da na Turanci, an tsara su ne bisa nau'in abinci, wato babin miya daban, na tuwo da shinkafa daban, na abin sha daban. Idan damina ta sauka tumatir ya yi tsada, sai in yi ta buɗe shafuka ina neman abin da ba ya buƙatarsa. Ina so in ji yadda kowaccenku take ware nata bisa lokutan shekara.

Wata Hajiya, Kano:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni da tumatir nake auna shekarar gaba ɗaya. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani na Kadawa da Kura yake cika kasuwar 'Yankaba, nakan buɗe shafukan miyar dage-dage da dafa-duka da duk abin da yake cin jar miya, kuma a lokacin nake yanka tumatir in shanya kauɗa. Da zarar ruwa ya zauna sai in koma shafukan ganye, domin zogale da rama da tafasa da yakuwa da ɗanyar kuɓewa suna araha, ga ƙwan zabi wanda sai da damina ake samunsa a wadace. Abin da na yi shi ne, na bi littafin shafi-shafi da fensir, na rubuta lokacin da ya dace a gefen kowane girki: damina, kaka, hunturu ko bazara. Girkin da babu ruwansa da lokaci, kamar miyar kuka da ɗanwake, ban sa masa komai ba, kuma sai da na gama na ga cewa irinsa ne ya fi yawa, wanda hakan ya rage mini aiki sosai.

Wata malamar makaranta, Maraɗi:
Hajiya ta yi gaskiya. Littattafan Faransanci da nake da su an riga an raba su kashi huɗu, amma bisa yanayin Turai ne, inda tumatir yake nuna a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da mu nan muke nemansa ido rufe. Saboda haka ba na bin sunan babin, kayan haɗin nake dubawa. Salatin da suka ajiye wa lokacin zafinsu, ni da hunturu nake yinsa, lokacin da latas da karas da kabeji suke fitowa daga lambu. Girkin da yake cin albasa da yawa kuwa ina jira da shi har albasar Galmi ta shigo kasuwa wajajen Maris da Afrilu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san sabon gero na kaka ko soyayyar fara, don haka waɗannan da hannuna na rubuta su a bayan littafin.

Wata 'yar uwa, Kumasi:
Yaya, mu nan ruwa sau biyu yake sauka a shekara, kuma ganyen gwaza ba ya yankewa sosai, saboda haka rabon nan kashi huɗu bai yi mini aiki ba. Kashi biyu na yi: abin da kasuwar nan take da shi, da abin da sai an kawo daga arewa.

Wani mai gidan abinci, Jos:
Iyayena mata, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya. Mutane da yawa suna haɗa girkin azumi da na bazara a wuri guda, alhali kuwa watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara. A 2016 azumi ya faɗo a watan Yuni, jim kaɗan bayan wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har miyar buɗa-baki ta gagari gidaje da dama. A 2025 kuma a watan Maris aka yi shi, cikin wadatar tumatir da kankana, ana neman zoɓo da kunun zaƙi saboda zafi. A littafin da masu girkina suke aiki da shi, kowane girkin azumi yana da alama biyu, ta azumin da ta lokacin da kayan haɗinsa suke samuwa, haka ma na naman layya.

Uwargidan Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi hanyar fensir ɗin Hajiya, tare da alama ta biyu da Malam ya kawo. Sai dai ina so in ji inda kuke sa fura, tunda an fi sha'awarta da bazara amma nono da damina ya fi samuwa.

Hajiyar Kano:
A damina na sa ta, ƙanwata, domin a lokacin ne shanu suke samun ciyawa, nonon ya yi kauri ya kuma yi araha. Ta bazara na rubuta ta daban a shafin abin sha, tare da yadda ake kwana da madarar gari ta zama kindirmo idan na Fulani ya yi wuya.