Wai da gaske tattaki yana rage ƙuncin zuciya a shekarun ɗaukewar al'ada?

Maman Biyar:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Shekarata 47, wata takwas kenan al'adata ta rikice, wani watan ta zo wani watan shiru, ga zufa da ke tashina cikin dare sai na canza riga, barci ya gagare ni, abu kaɗan na hau yara da faɗa, shekaranjiya autana ya zubar da shayi kawai sai na fashe da kuka kamar an yi min mutuwa. Likita ta ce farkon ɗaukewar al'ada ne, wai in riƙa motsa jiki. To ni ina ruwan tafiya da abin da ke cin zuciya? Kuma aikin gidan da nake yi safe da yamma ba motsa jiki ba ne?

Nas daga Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu. Yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55 ake shiga wannan yanayi, sinadarin jikin mata da ake kira istrojin ne ke hawa da sauka, shi ke taɓa barci da yanayin zuciya. Tafiya da sauri tana sa jiki ya saki sinadaran da ke kwantar da hankali, barci ma ya fi daɗi, idan barci ya samu kuwa faɗan da kansa yake raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a sati, wato minti 30 kwana biyar, da saurin da za ki iya magana amma numfashinki ya ɗan ɗaga. Shara da daka suna shiga lissafi, tsayuwa gaban murhu kam a'a. Zufar dare dai ba zan ce miki tafiya za ta kore ta ba. Kuma in ƙuncin ya wuce sati biyu kullum, komai ya fita daga ranki, ki koma asibiti a duba ki sosai har da gwajin jini.

Uwargida Kano:
Wallahi ni shaida ce. Mu uku ne a layinmu, bayan sallar asuba mu zura hijabi da kambas mu zagaya unguwa kafin masu adaidaita su cika titi, da farko har dariya ake mana wai tsofaffi sun shiga soja. Ni fa ina ga rabin maganin hirar ce, a hanya kowa ke amayar da abin da ke ranta, ranar da ban fita ba har maigida sai ya gane a fuskata.

'Yar Damagaram:
Ni gwiwa ta hana ni nisa, a tsakar gida nake kai da kawowa minti goma goma ina jin karatu a waya. Ki fara da kaɗan yaya, kar ki ce sai minti 30 ranar farko.

Maman Biyar:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi wa maƙwabciyata magana ta ce ran Asabar mu fara, saura in nemo takalmi don silifas kaɗai gare ni.