"Zakaran da Allah ya nufa da cara": ya dace a sa a takardar tunawa da Kaka?

Jikar Baba Soja, Yaba

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Kakanmu, mahaifin babana, ya koma ga Ubangiji bara war haka. Takardar sallamarsa ta soja ta ba shi shekara 99, ko da yake shi yakan ce Baturen da ya ɗauke su aiki a Zariya faɗin ƙirjinsa kawai ya duba ya rubuta 1924. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya fito. Ya shiga soja a 1943, jirgin ruwa ya kwashe su daga nan Legas zuwa Indiya, daga can suka shiga dajin ƙasar Bama (Burma) da Runduna ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu, bai sake taka ƙasar nan ba sai 1946. Da ya dawo ne Fadan mishan ya yi masa baftisma, ya sami aikin reluwe a Ebute Metta, ya zauna har ya ga tattaɓa kunne.

Asabar ta sama za a yi Mas na cika shekara a cocinmu na St. Dominic, an ɗora mini buga 'yar takardar da za a raba wa jama'a. Na so in sa maganar da ta fi zama a bakinsa a ƙarƙashin hotonsa: "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi."

Baffana ya ce atafau ba za a sa ba. Wai magana ce ta habaici, ta 'yan siyasa in sun ci zaɓe, irin wadda ake rubutawa a bayan tirela don mahassada su karanta. Ya ce a sa Zabura 90, inda aka ce kwanakinmu shekara saba'in ne, ko tamanin in da ƙarfi. Ni kuwa ban taɓa jin Kaka ya faɗe ta da gadara ba. Mece ce ainihin ma'anarta, kuma ana faɗinta a kan mamaci?

Malamin Hausa, Agege

Allah ya ba ku haƙurin rashi, 'yata. Baffanki bai yi ƙarya ba game da yadda ake amfani da ita yau, amma ba can ta faro ba. Maganar ƙaddara ce. Muzuru dare yake bi, ta ƙasa yake zuwa har cikin akurki. Shaho da rana tsaka yake faɗowa daga sama. Bahaushe ya haɗa su biyun ne don ya rufe kowace kafa: dare da rana, sama da ƙasa, babu wurin ɓuya. Duk da haka abin da Allah ya rubuta sai ya tabbata.

Sai dai akasari ga mai rai ake faɗinta, wanda ya kai ga wani matsayi bayan an so a tare shi. In tsawon rai kike nufi, akwai wadda ta fi zama daidai: "Mai rabon ganin baɗi sai ya gani." Ko kuma "Kowa ya daɗe ya ga daɗau."

Maman Biyu, Idi-Araba

Malam, a gafarce ni, zan ɗan sa baki a matsayina na mai kiwon kaji tun ina gidanmu a Funtuwa. Shaho ba ya ɗaukar ƙaton zakara. 'Yan tsaki yake sura. Kaza za ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, kafin su yi gashin fiffike sai ki ƙirga ki ga huɗu. Saboda haka duk zakaran da kika ji ya buɗe murya da asuba, ba ƙarfinsa ne ya kawo shi ba, lokacin da ake farautarsa ko gudu bai iya ba. Ni a nan nake ganin babu gadara a cikinta ko kaɗan. Yaron da aka sa wa kaki yana ɗan shekara 19, aka tsallaka teku da shi, ai ɗan tsako ne.

Tsohon Saje, Ojo

Sannu da rashi, 'yata. Mu da muka yi aikin daga baya, irin su kakanki muke kira iyayen gida, ko a taron tunawa da sojoji na 15 ga Janairu su ake fara zaunarwa.

Yawancin mutanen garin nan suna wuce tarihinsu kullum ba su sani ba. Barikin Dodan da ke Obalende, inda shugabannin soja suka yi mulki har aka koma Abuja a 1991, sunan wani wuri ne a Bama. Haka barikin An da na Myohaung da ke kusa da ku a Yaba, da Arakan da Tamandu a Apapa, da Letmauk a Ibadan, da Dalet a Kaduna. A Janairun 1945 ne Runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu suka ƙwace Myohaung daga hannun Japan. Har gobe Runduna ta 81 tana nan Legas, ta 82 tana Inugu. Kuma an yi amfani da Hausa sosai a wannan yaƙin, domin ita ce harshen bariki.

Tsofaffin da na tarar sun ce harsashi bai kwantar da mutane kamar yadda zazzaɓi da atuni suka kwantar ba. Ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga matsattsaku a cikin takalmi, babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma jirgi ke jefo musu. Wanda ya fito daga wannan ya ce ana muzuru ana shaho, ya san abin da yake faɗi. Ki sa abinki.

Ɗan Zuru, Mile 12

Ni ban yarda ba, kuma ku yi mini uzuri in maganata ta yi zafi.

Mahaifina soja ne. Ya tafi yaƙin basasa ina da wata bakwai a duniya, ya faɗi a Abagana a Maris na 1968, ko gawarsa ba a kawo ba. Hoto ɗaya ne da mu, shi ma ruwa ya taɓa gefensa. Tun ina yaro duk ranar da na ji wani tsohon soja ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, sai in ji kamar an ce mini ubana ba a nufe shi da komai ba, abincin shaho ne kawai. Wanda ya tsira yana da bakin yin karin magana. Wanda bai dawo ba fa, wace aka yi masa?

A wurin Mas ɗin nan na tabbata akwai gwauraye da marayun sojoji, na Laberiya, na Saliyo, na Borno. Ki tuna da su kafin ki kai wa mai bugawa. Zaburar da baffanki ya zaɓa ba ta ware kowa ba.

Malamin Hausa, Agege

Wannan magana ta yi nauyi, kuma ban taɓa kallonta ta nan ba. Allah ya ji ƙan maza.

Jikar Baba Soja, Yaba

Baba na Mile 12, na karanta saƙonka sau uku, sai da na ajiye waya na yi kuka. Bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko, don ban ɗauka yana da alaƙa da tambayar ba.

Kaka ba ya kwana ya wuce ƙarfe huɗu da rabi. Sai ka ji ƙarar akwatin ƙarfensa, ya ciro rosari, wato carbinmu na Katolika, wanda 'ya'yansa suka suɗe har suka yi sheƙi, an ɗaure tsinkakken wurin da zaren buhu. Ya bi ƙofa-ƙofa yana ƙwanƙwasawa da gindin sandarsa, mu fito muna layin barci mu durƙusa a tabarma. In aka gama "A gaishe ki Maryamu" ta ƙarshe, kafin a shafa, sai ya kira sunaye bakwai, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da garinsu. Muna yara mun ɗauka waliyyai ne. Sai da na kai aji uku a sakandare na tambaye shi, ya ce mutanen sashensa ne da aka bari a Bama. Uku Musulmi ne, biyu ba su shiga kowane addinin littafi ba, ɗaya kuma zazzaɓi ne ya kashe shi ana saura 'yan kwanaki su hau jirgin dawowa. Ya ce wanda ya fi shi iya harbi yana ciki, wanda ya fi shi kirki ma yana ciki.

To a nan ne yake faɗin karin maganar, bayan sunayen, da murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce mana, "Ku tashi, gari ya waye." Ya sa hularsa ya kama hanyar Mas na safe a ƙafa. In muka bi ta gaban barikin Myohaung kuwa sai ya cire hular har mu wuce.

Katekis, Ikeja

'Yata, to ai kin amsa tambayarki, kuma ina ganin kin amsa ta ɗan'uwanmu na Mile 12.

Mu duba kalmar "cara" da kyau. Bahaushe bai ce zakaran da Allah ya nufa da tsawon rai ba, bai ce da sarauta ba. Cara aiki ne. Zakara ba don kansa yake yi ba, masu barci yake tayarwa. 'Yan siyasa sun mai da ita kirari, amma a bakin kakanki nauyi ne aka ɗora masa: an bar shi ne don ya riƙa kiran waɗancan sunaye, ya kuma ta da gidansa addu'a. Shekara sama da saba'in yana yi.

Mu Katolika kuma muna da wani zakara da muke ji duk Makon Tsarki. A Matiyu sura 26, Yesu ya gaya wa Bitrus cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku. Da carar ta zo, Bitrus ya tuna, ya fita ya yi kuka mai zafi. Aikin wannan zakara tuni ne. Dattijon da ya yi shekaru yana jin wannan karatu ba zai rasa haɗa su a zuciyarsa ba.

Amma gaskiyar ɗan'uwanmu tana nan. Wanda ya karɓi takarda a bakin ƙofa bai san da sunaye bakwai ba, abin da ya saba gani a bayan mota zai gani.

Mai Shayin Sabo

Allahu akbar. Ashe Baba Soja ake magana. Hajiya, ni ne mai teburin da ke kwanar layinku, kin san ni. Shekara 16 ina wurin nan, kuma ba na buƙatar agogo, in na ji sandarsa a kan kwalta na san lokacin hura wuta ya yi. Da azumi kuwa da kansa yake buga mana ƙofar shago mu tashi sahur, ni da yarana, ya ce, "Malam, kada ku makara." Ranar Sallah ya aiko mana da kaza, ranar Kirsimeti mu kai masa shayi mai kauri ba sukari, don likita ya hana shi. Mu nan layin ba mu san shi da wani suna na habaici ba. Tun da ya rasu sau biyu ina makara sallar asuba. Allah ya ba ku dangana.

Ɗan Zuru, Mile 12

Na ji, kuma zuciyata ta ɗan sauka. Ban san akwai wanda yake kiran sunayen waɗanda ba su dawo ba har tsawon wannan lokaci. Amma ina nan kan bakata a abu guda: kada ta tsaya ita kaɗai a ƙarƙashin hoto. In za a sa, a sa ta inda shi yake sa ta.

Maman Biyu, Idi-Araba

Haka ne. Kuma 'yata, in kin je wurin masu bugawa ki tsaya a kansu. Na taɓa ba da aikin katin biki, suka mayar mini da duk ƙ da ɗ suka zama k da d. Mai karantawa a coci ma a gaya masa "cara" ce, kada wanda ba Bahaushe ba ya karanta "kara".

Jikar Baba Soja, Yaba

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na kai wa Baffa wayar ya karanta da kansa. Da ya zo kan maganar mai shayi sai ya cire tabarau ya daɗe bai ce komai ba. Ashe shi ma ya haddace sunayen nan bakwai tun yana yaro, har da garuruwan, ni biyar kawai na riƙe daidai. Shi ya zauna ya rubuta mini su.

Ga yadda muka tsayar: Zabura 90 a ƙarƙashin hoto, yadda Baffa ya so. A shafin ciki sunayen bakwai da garuruwansu, karin maganar a ƙasansu, sai "Ku tashi, gari ya waye." Gobe da safe zan kai wa masu bugawa a Shomolu, kuma zan tsaya a kansu, Mama.

Baba na Mile 12, Fada ya yarda a karanta sunayen a cikin addu'ar jama'a. In ba ka ƙi ba, ka turo mini sunan mahaifinka ta saƙon sirri a haɗa da su. Mas ɗin ƙarfe goma ne na safe.

Ɗan Zuru, Mile 12

Na turo, 'yata, har da lambarsa ta soja. Zan zo da mahaifiyata, tana da shekara 78 yanzu, ƙafa ta yi mata nauyi. A taimaka a ajiye mata kujera kusa da ƙofa.