Wane suna za mu raɗa wa ƙa'idar Einstein ta faɗuwar abubuwa?

Malamai da ɗaliban kimiyya, ina neman shawararku kan sunan Hausa na abin da ake kira equivalence principle da Ingilishi, domin fassarar da ta fi saurin zuwa baki, wato "ƙa'idar daidaito", ba ta gamsar da ni ba.

A 1907, lokacin da yake aiki a birnin Bern, Einstein ya gano wannan ƙa'ida, wadda ake bayyanawa da cewa wanda aka rufe a ƙaramin ɗaki ba shi da wani gwaji da zai nuna masa ko ƙarfin da ƙasa take jawo abubuwa da shi ne ya manna ƙafarsa da daɓe, ko kuwa roka ce take ta ƙara gudu da ɗakin a sararin samaniya. Tushen maganar shi ne, idan babu iska, mai nauyi da marar nauyi faɗuwa ɗaya suke yi, kamar yadda ɗan sama jannati David Scott ya nuna a duniyar wata a 1971 da guduma da gashin tsuntsu.

"Daidaito" kayanta sun riga sun yi yawa, daga sikeli har zuwa siyasa. "Kamanceceniya" kuwa tana barin ƙofar bambanci a buɗe, tunda tagwaye duk kamarsu uwarsu tana gane kowanne, alhali ƙa'idar cewa take yi babu hanyar ganewa ko kaɗan. Saboda haka na fi karkata ga "ƙa'idar tamka", domin idan Bahaushe ya ce wannan tamkar wancan ne, yana nufin ɗaya zai tsaya a matsayin ɗaya.

Inda sunan zai fi shan aiki shi ne fagen kwantam, wato kimiyyar abubuwa mafiya ƙanƙanta, inda ƙwayar zarra take tafiya a matsayin igiya, har a raba ta da hasken leza ta bi hanya biyu a lokaci guda, ɗaya sama da ɗaya, kuma nauyinta yana shiga lissafin igiyar. Shin tamkar tana nan? A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford sun saki rubidiyam 85 da rubidiyam 87 tare, wato ƙwayoyin zarra iri biyu na sinadari ɗaya masu nauyi daban, ba su ga bambanci a faɗuwarsu ba har zuwa wajen kashi ɗaya cikin tiriliyan. Gwaji ne ake ci gaba da tsanantawa, don haka ana buƙatar kalmar da za a iya cewa ta tabbata ko ta karye.

'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram, a kunnenku "tamka" tana ɗaukar wannan ma'ana?