Muhawara: Dodon da ɗan wasa ya shiga rigarsa, shin yana nan a matsayin dodo?

Mai Buɗe Zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da maganar da na daɗe ina riƙe da ita, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, ranar da aka ba 'yan wasa damar ɗaukar ork ko goblin, wato dodanni masu siffar mutane da aka saba yaƙa a wasan, a matsayin jarumin da za su taka, ranar aka kashe dodo a duniyar wasa, ina nufin wasan tebur da kowa yake taka wani jarumi a cikin labarin da jagoran wasa yake bayarwa. A littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons da ya fito a 2024, ork ya shiga sahun halittun da kowa zai iya zaɓa, kafaɗa da kafaɗa da ɗan Adam da elf, halitta mai kama da mutum mai tsinin kunnuwa, sannan a littafin dodanni na 2025 ba a ma ware masa shafi ba. Ɗan wasan da ya riƙe takardar ork a hannunsa, ya san ƙarfinsa da rauninsa da nisan da yake gani a cikin duhu, babu abin da zai razana shi idan ya tarar da goma irinsa a bakin kogo. To da me jagoran wasa zai tayar wa mutanensa da tsigar jiki?

Tsohon Jagora: Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗora laifi a kan 'yan zamani, alhali ƙofar a buɗe take tun ranar farko. A ƙananan littattafan 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson, waɗanda suka ƙirƙiro wasan, suka fitar, an faɗa ƙarara cewa babu abin da zai hana mutum ya taka kusan kowace irin halitta, muddin zai fara da rauni ya riƙa hawa sannu a hankali. Zuwa 1978 kuma ruwa biyu, wato wanda ya haɗa jinin ork da na ɗan Adam, ya riga ya shiga littafin 'yan wasa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce tsoro ya ƙare a kogunan wancan lokacin ba.

Mai Buɗe Zance: Gaskiya ne, Baba, amma ka bar rabin maganar a baya. Ruwa biyun 1978 yana biyan farashi: ana rage masa maki 2 a kwarjini, kuma akwai matakin da ba zai wuce ba a yawancin sana'o'in da aka yarda ya yi. Ƙa'idar da kanta tana gaya wa ɗan wasa cewa bare ne shi a cikin mutane, za a riƙa kallonsa a kaikaice duk garin da ya shiga. Wannan farashin ne aka cire.

Mai Zana Taswira: Ku yi mini afuwa in shigo, domin ina ganin inda gizo ke saƙa ba a takardar ɗan wasa yake ba, yana wurin wanda ya ƙera duniyar. Tambaya ɗaya nake yi wa duk halittar da zan saka a taswirata: tana haihuwa, tana raino? Na taɓa jagorantar tsohon labarin nan na 1979, The Keep on the Borderlands, wanda a cikinsa aka lissafa matan dodannin da 'ya'yansu ɗaki bayan ɗaki. 'Yan wasana suka gama da mayaƙan, suka tura ƙofa ta gaba, sai na karanta musu abin da ke rubuce: ga ƙanana nan sun takure a lungu. Tebur ya yi tsit. Wanda yake taka jarumin da ya yi rantsuwar kare masu rauni ya ajiye fensirinsa, ya ce in gaya masa gaskiya, shin waɗannan yaran dole ne su girma su zama miyagu? Sauran daren gaba ɗaya a kan wannan tambayar ya ƙare, kuma ni da na zo da labarin ban da amsa, domin ban taɓa yanke hukunci a kai ba.

Tun daga ranar na gane hanya biyu ce kawai take tsayawa da ƙafarta. Ko dai halittar ba al'umma ba ce sam, kamar yadda bugu na biyar na wasan ya yi da halittun da ake kira nol, masu kan kura, waɗanda ba sa gina gari kuma asalinsu daga shaiɗanin nan Yeenoghu yake, kuraye ne ke rikiɗa bayan sun ci gawar da bayinsa suka kashe. Ko kuma tana da harshe da iyaye da abin da take jin tsoro, wanda hakan ke nufin a cikinta za a sami na kirki da na banza. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka ba su jarirai, sannan ka ce mugunta a jininsu take.

Mai Lissafi: Malama ta yi magana mai nauyi, amma ni ina tare da Mai Buɗe Zance ta wata fuskar, wato fuskar lambobi. A 2016 littafin Volo's Guide to Monsters ya ba da ork mai ragin maki 2 a basira, aka soke wannan ragin a 2020, kuma ban yi kukan rashinsa ba, domin cewa wata al'umma gaba ɗayanta daƙiƙiya ce magana ce da ta yi kama da abin da aka daɗe ana faɗa a kan mutane na gaske. Sai dai gyaran ya zarce. A 2020 ɗin dai, littafin Tasha's Cauldron of Everything ya ba kowa damar matsar da ƙarin makinsa inda ya ga dama, a 2024 kuma aka ɗauke ƙarin daga nau'in halitta baki ɗaya aka mayar da shi ga tarbiyya da sana'ar da jarumi ya taso a ciki. Sakamakon shi ne halflin, wanda tsayinsa bai wuce na ƙaramin yaro ba, zai iya fara wasa da maki 17 a ƙarfi, daidai da goliyat mai jinin ƙattai. Ɗabi'a daban, jiki daban, kuma an haɗa su an share da tsintsiya ɗaya.

Tsohon Jagora: Wannan ƙorafin na karɓa, ko da yake goliyat har yanzu yana da abubuwan da halflin ba shi da su, kamar ɗaukar kaya mai nauyi. Amma ga Mai Buɗe Zance, ina so ka dubi duniyar Eberron da Keith Baker ya ƙirƙira, wadda ta fito a 2004. A can wasu daga cikin ork su ne masu tsaron hatiman da suka kulle miyagun halittun da ake kira daelkyr a ƙarƙashin ƙasa, goblin kuma sun taɓa mallakar daula mai suna Dhakaan tun kafin ɗan Adam ya zo nahiyar. Tsoro bai ragu a wannan duniyar ba ko kaɗan; wuri kawai ya sauya, ya koma kan abin da ork ɗin da kansa yake kwana yana gadi.

Mai Buɗe Zance: Maganar jarirai ta kama ni, ba zan yi musu a kanta ba. Amma ku ma ku amince cewa akwai daren da mutane suka gaji, suka zo tebur don su yi faɗa su kwashi dukiya, ba don su zauna shari'a a kan kowane mai gadi ba. Idan kun ce in koma ga gawarwaki masu tafiya da shaiɗanu, to ƙwarangwal ba ya kafa sansani, ba ya yin kwanton ɓauna da dabara, ba ya cin amanar sarkinsa idan an ba shi zinariya, kuma waɗannan su ne abubuwan da ork yake yi mini.

Mai Zana Taswira: Duk abin da ka lissafa, Malam, rundunar 'yan fashi tana yi, kuma babu ɗan wasan da ya taɓa tsayar mini da wasa don tausayin masu satar mutane, ko ork ne su ko 'yan Adam. A labarin da nake jagoranta yanzu akwai 'yar wasa mai taka goblin, kuma a zaman da ya wuce sun kama ɗaya daga cikin maharan da suka ƙone gada, goblin shi ma. Ita kaɗai ke jin harshensa, don haka na rubuta abin da ya faɗa a 'yar takarda na miƙa mata a asirce. Ta karanta, ta ninke, ta ce wa abokan tafiyarta bai faɗi komai mai amfani ba. Su ukun suka zuba mata ido, kuma har muka tashi babu wanda ya yarda ta yi gadin dare ita kaɗai.