Sunayen jarirai a Ayalan: me kuka gani, kuma yaya kuka yi da naku?

Ɗan Zazzau, Limerick

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan da na ɗauko iyalina zuwa ƙasar Ayalan (Ireland), amma har yau sunayen mutanen nan ba su daina kunyata ni ba. Makon jiya yarona ya dawo daga makaranta da katin gayyata, wani ɗan ajinsu zai cika shekara bakwai. Na ɗauki waya zan kira uwar yaron, sai na ga an rubuta Tadhg. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Tadahagi?" Yaron nan har da kwanciya a ƙasa don dariya, wai Taig ake cewa. Da na sa ya lissafo mini 'yan ajinsu, ban ji John ko Mary ko ɗaya ba, ni kuwa su na zo da tsammanin tararwa. Jack uku, Oisín biyu, sai wasu 'yan mata da ko rubuta sunansu ban iya ba.

Abin da ya sa nake tambaya, mai ɗakina ta kusa sauka, kuma duk zuwa awo sai ungozoma ta tambaye ta sunan da muka zaɓa. Waɗanda suka daɗe a nan, wane irin suna ake yayi yanzu? Ku da kuka haihu a nan kuma, yaya kuka yi?

Maman Hanifa, Dublin

Wa alaikumus salam. Allah Ya sauke ta lafiya. Malam, ai kai a gida ka ji kunya, ni a gaban yara goma sha biyar na ji tawa. Shekarata shida ina aiki a gidan renon yara. Ranar farko aka miƙo mini takarda in kira suna, na buɗe baki na ce "Niyamaha". Shiru. Na maimaita. Sai wata 'yar ƙarama ta ja mini riga ta ce, "Niv ce." Niamh ke nan.

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni gefe ta buɗe mini sirrin. Waɗannan sunaye ba Turanci ba ne, daga harshensu na gado suka fito, wanda suke kira Gaeilge, kuma yana da tasa ƙa'idar rubutu. In ka ga bh ko mh, yawanci sautin v ne, shi ya sa Siobhán ta zama Shivon, Caoimhe ta zama Kiva, wasu su ce Kwiva, Sadhbh kuma Saiv. In s ta zauna kusa da i ko e, sh ce: Seán Shon, Oisín Oshin, Róisín Roshin. Harafin c kuma ba irin namu na "ciki" ba ne, k ne kullum, don haka Cillian Kiliyan ne, Ciara kuma Kira. Aoife, Ifa. Fiadh, Fiya. Da ka riƙe waɗannan, rabin wahalar ta ƙare.

A ɗakin jarirai kuwa, yanzu Fiadh da Éabha da Rían ne suka cika wurin. Akwai ma wata Croía, Kiriya ake kiranta, uwar ta ce daga kalmarsu ta zuciya aka ciro sunan. Ni dai abin da na lura, gajeren suna suke so, gaɓa ɗaya ko biyu, ko na gadon ne ko na Turanci irin su Lily da Grace.

Malamin Lissafi, Cork

Ɗan Zazzau, Jack uku a aji ɗaya ba abin mamaki ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, CSO, wadda babban ofishinta ke nan Cork, tana fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara wajen ƙarshen Fabrairu, kuma bayananta sun koma har 1964. Daga 2007 zuwa 2024 Jack ne kan gaba a maza, in ban da 2016 da James ya ture shi na shekara guda. A mata Emily ta riƙe kambun tun 2011 har 2019. Daga nan abin ya zama karɓa-karɓa: Grace a 2020, Fiadh a 2021, Emily ta dawo a 2022, Grace a 2023, Sophie a 2024.

A 2024 ɗin, biyar na farko a maza su ne Jack, Noah, Rían, Cillian da James. A mata Sophie, Éabha, Grace, Emily da Fiadh. Ka ga biyu cikin biyar a kowane ɓangare na harshen gado ne. Shekara hamsin kafin nan, a 1974, John da Mary ne a sama. Ka zo da labarin gaskiya, sai dai ya tsufa da rabin ƙarni.

Mutanen Cork na son cewa ɗansu Cillian Murphy, ɗan wasan fim da ya ci kyautar Oscar a Maris 2024, shi ya ɗaga sunan. Ni ban cika yarda ba, sunan yana ta hawa tun kafin kyautar. Wani abu kuma, ko Jack ɗin da ya zo na ɗaya a 2024, a 'yan shekarun nan yaran da ake sa wa sunan a shekara ba sa kaiwa dubu. Sunaye sun yawaita, kowa na neman wanda maƙwabci bai sa ba.

Anti Biriji, Mayo

'Ya'yana, ku bari in ba ku dariya. Ni mutuniyar Jos ce, kuma sunana na baftisma Bridget. Wani Fada ɗan Ayalan ne ya sa mini, irin waɗanda suka yi aikin mishan a Jos da Kaduna. A unguwarmu Patrick da Bridget da Theresa kamar a share da tsintsiya. Da na samu aikin nas a nan, na ce to, zan je garin da sunana ya fito.

Na zo kuwa na tarar da su, amma duk a gidan kula da tsofaffin da nake aiki. A ɓangarenmu kaɗai Mary huɗu ne, Bridget biyu, ga Kathleen, ga Margaret, mazan kuwa daga John sai Michael sai Paddy. Dole muke haɗawa da lambar ɗaki kafin mu ba da magani. Ran Lahadi in jikoki da tattaɓa-kunne sun zo gaisuwa, babu mai irin sunan ko ɗaya. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce rabon da ta ga Bridget mai ƙafar gudu har ta manta, sai ga shi an kawo mata daga Afirka.

Ita ce ta ba ni labarin yadda ake yi a da. Ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu sunan kakansa na wajen uwa, na uku sunan uban. 'Yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Shi ya sa gida ɗaya sai ka samu John uku, sai a bambanta su da Mór, wato babba, da Óg, wato ƙarami. Na ce mata mu ma muna mayar da sunan iyaye, amma Bahaushe ba ya iya kiran sunan gatsal, sai ya sakaya da Abba ko Ummi ko Baffa. Abin ya ba ta mamaki ƙwarai, ta ce su ai don a riƙa kiran sunan ne ake sa shi.

Ta kuma koya mini wani abu da ya burge ni. A harshensu Mary ita ce Máire, amma uwar Yesu kaɗai ake kira Muire, ba a sa wa kowa wannan. Suna da irin tasu kunyar ashe.

Baban Nuhu, Galway

Ɗan'uwa, kan batun ungozoma, kwantar da hankalinka. Su al'adarsu ce tun ciki na wata biyar an gama zaɓen suna, wasu har an saka shi a jikin bargo. Mu da aka haifi namu, kowace nas ta shigo sai ta ce, "Yaya sunansa?" Na ce sai kwana bakwai. Sai suka ɗauka rigima muke yi da matata kan sunan, wata har tana ba mu haƙuri. Na yi masa huɗuba a kunne tun daren farko, amma ban faɗa wa kowa ba. Abin hannun da suka ɗaura masa sunan uwarsa kawai aka rubuta, da haka muka koma gida.

Doka ta ba ka wata uku ka yi rajistar haihuwa, don haka kwana bakwai ba komai ba ne. Sai dai kada ka yi sanya bayan suna, domin sai an yi rajista yaro ke samun lambar PPS, wato lambarsa ta shaida a wurin gwamnati, ita kuma ake bi a biya kuɗin tallafin yara, Yuro 140 a wata. Rago kuwa kuɗi na tura Gusau aka yanka a can, mu a nan muka yi addu'a a masallaci bayan Asuba, aka raba dabino da alawa.

Sunan mahaifina na mayar, Nuhu. Ban san na faɗo cikin yayi ba sai da ya shiga makaranta, malamarsa ta ji ma'anar sunan ta ce, "Ashe Noah ne." Yanzu a makaranta Noah, a gida Abba, a takarda Nuhu. Da ka bi a hankali ma, yawancin sunayen 'yan gida ɗaya ne da namu. Seán da John Yahaya ne, Jack ma daga John ya samo asali. James da Séamus daga Yakubu suka fito. Éabha, da ake kira Eva, Hauwa'u ce. Kuma a nan birnin Galway, a 2022, Muhammad ne sunan da aka fi sa wa jarirai maza. Jaridu sun yi ta yayatawa, har abokan aikina na tsokanata wai mu muka jawo.

'Yar Damagaram, Waterford

Baban Nuhu, naka ya zo da sauƙi. Tawa Balƙisu na sa mata, kuma na so a rubuta da ƙ mai lanƙwasa. Ma'aikaciyar da ta karɓi takardarmu ta yi ta neman harafin a kwamfuta, babu. Ƙarshe Balkisu aka rubuta. Na ɓata rai, sai ta ce ta fahimce ni sarai, don ita ma sunanta na da 'yar alamar nan da suke ɗorawa a kan wasali, wadda suke kira fada, kuma sau da yawa takardunta na zuwa babu ita. Ta ce Seán in ka cire masa alamar ya zama sean, wato tsoho. Na ce mu ma haka, ƙafa daban, kafa daban. Muka yi dariya, amma dai ƙ ɗina ban samu ba.

Masu Hauwa'u da Asma'u da Sa'adatu sun fi mu sa'a. Saboda sunayensu irin su O'Brien da O'Connor, mutanen nan sun saba da wannan 'yar alamar ta sama.

Kawu, Dundalk

Na karanta duk abin da kuka rubuta. Shekarata ashirin da biyu a ƙasar nan, kuma abin da nake gani shi ne mutanen nan gida suke komawa. Ingila ta daɗe tana mulkarsu, harshensu ya ja baya, sunayensu aka mayar da su na Turanci. Yau ga matashin da ba ya iya haɗa jimla biyar da Gaeilge, amma ya sa wa ɗansa Oisín, sunan wani jarumin tatsuniyarsu, ma'anarsa ɗan barewa. Ya sa wa 'yarsa Saoirse, wato 'yanci. Ba ya jin nauyin cewa Ba'amurke zai kasa furtawa.

Mu fa? Ina Tanko, ina Talatu, ina Ladi, ina Ɗanjuma, ina Jummai? Yaushe rabon da ku ji an kira yaro Mati ko Audi? Yanzu daga intanet ake tono suna, wani ko Balarabe bai taɓa jin sa ba.

Maman Hanifa, Dublin

Kawu, da girmanka, amma ba ɗaya ba ne. Su Talatu da Tanko ai laƙabi ne, kowannensu na da sunan yanka a ƙasa. Kuma su ma 'yan Ayalan ɗin ba duka gida suka koma ba. Sophie da Emily da Noah ai a Ingila ma yayinsu ake. Iyayen da nake hulɗa da su, da yawa ba kishin harshe ya sa su ba, daɗin sunan kawai suka ji. Wata uwa da kanta ta ce mini sai da ta duba waya kafin ta iya rubuta sunan 'yarta daidai a takardar asibiti.

Kawu, Dundalk

'Yata, na yarda laƙabi ne. To laƙabin ma ina yake? Jikata ran Laraba aka haife ta, na ce Balaraba, uwarta ta yi kamar na zage ta.

Ɗan Zazzau, Limerick

Jama'a, Allah Ya saka da alheri. Ina sanar da ku mai ɗakina ta sauka daren Juma'a, mace, duk suna lafiya. Nas ta farko da ta tambayi suna na ce mata sai kwana bakwai, sai ta ce ta sani, ta taɓa karɓar haihuwar 'yan Sudan. An raɗa suna jiya, A'isha, sunan mahaifiyar mai ɗakin. Maƙwabciyarmu ta kawo kati da 'yar riga, ta rubuta Aisling a jiki, ta ɗauka shi muka sa. Na tambaye ta ma'anarsa ta ce mafarki. Mun ajiye katin yadda yake.

Kawu, Jummai nake kiranta, uwar kuma ta ce Ummi. Maman Hanifa, an kawo wani sabon yaro ajin su yarona, an rubuta Donnacha. Wannan kuma yaya ake cewa?