Madabod: wane suna za mu ba ta da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyaran kwamfuta, na nan Bauchi da maƙwabtanmu na Gombe. So nake mu tsayar da suna guda na Hausa ga faffaɗan falankin nan da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda Bature ke kira motherboard, mu kuma a shago muke cewa madabod. Ina da zaɓina, amma bari in fara da abin da ya tayar da maganar.

Makon jiya wata Hajiya mai shagon buga takardu a wajen Wunti ta kawo min kwamfutarta ta tebur. In an kunna fanka tana juyawa, can sai shuɗin allo ya fito, ta mutu ta sake kunna kanta. Wanda ta fara kai wa ya ce mata madabod ce. Ita dai abin da kunnenta ya ji shi ne kwamfuta ta gama yawo, har ta fara tambayar nawa 'yan gwangwan za su saya. Da na shiga bayos, wato shafin saitin madabod da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, sai na ga agogo ya koma shekarun baya. Ashe batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe wa madabod agogo da saiti ne ya ƙare, CR2032 mai bolt 3. Da ya ƙare saiti ya koma yadda ya zo daga kamfani, hanyar magana da rumbun ajiya ta sauya daga AHCI zuwa RAID. Windows kuwa a kan AHCI aka ɗora shi, sai ya kasa gano rumbun da shi kansa yake ciki. Na sa sabon batir, na mayar da saiti, ta tashi. Na ce, "Hajiya, ba abin da ya ƙone." Ta ce, "To Malam, wai mece ce madabod ɗin?" Tambayar ta tsaya min a rai, don kalmar da ba ta gane ba ta kusa raba ta da hanyar abincinta.

Wasu na cewa "uwar allo". Ban yarda da shi ba. Allo a bakin mutanenmu ya riga ya zama fuskar da ake kallo, ga shi ni ma yanzun nan na ce shuɗin allo. Ka ce wa mai kaya uwar allonsa ta lalace, talabijin ɗin da ke kan tebur zai nuna maka. "Babban allo" ma haka, ga kuma na aji yana jiransa.

"Uwar kwamfuta" ya fi daɗin ji, sai dai da yawa akwatin gaba ɗaya za su ɗauka. Kuma waya ma tana da irin wannan falanki.

Amma "uwa" kada mu sake ta, ba aro ba ce. Bahaushe ya daɗe yana kiran abin da sauran kaya suka jingina da shi uwa: uwar kuɗi, uwar garke, uwar jiki. Wadda ta fi kama min hankali ita ce uwar maƙera, ƙarfen da duk aikin maƙeri a kansa ake yi. Haka wannan take. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a kanta yake zaune, ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, a raminta ake soka shi, wutar akwati ta toshe mai haƙora 24 take shigo mata. Ita ke yi wa 'ya'yanta ƙidaya duk lokacin da aka kunna, in ta nemi ram ta rasa sai ta yi ta ƙara da 'yar lasifikarta. A hunturun Bauchi sau da yawa ƙura ce kawai: a zare ram, a goge haƙoransa da magogin fensir, a mayar.

Don haka nake cewa "uwar inji". Masu gyaran waya sun saba kiran cikin waya inji, ba baƙon abu muka kawo ba. Ku gwada a baki: uwar injin ce ta ƙone. Uwar inji lafiya take, batirinta ne. Da ita na amsa wa Hajiya, nan take ta ce, "Au, kenan uwar na nan da ranta."

Akwai kalma ta biyu da nake so mu duba, wato diraiba, wadda Bature ke kira driver. In ka ce direba, mai mota ake gani. Ita kuwa 'yar manhaja ce da aikinta fassara ne tsakanin Windows da kayan cikin kwamfuta, kamar rumbun ajiya, shi ya sa wani lokaci kana ɗora Windows sabo ba zai ga rumbun nan mai sauri da ake kira NVMe ba sai ka ba shi diraibar kamfanin Intel mai suna RST daga filashi. Ni "tafinta" nake ce wa yaran shagona, kuma sun riƙe.

'Yan Gombe, ku gwada kalmomin biyu a kan masu kawo muku gyara wannan makon, musamman dattawa, ku zo mana da abin da suka ce.