Fankata mai caji ta daina riƙe wuta, ya zan yi?

Ɗan Samaru: Salam jama'a. Bara na sayi fanka mai caji, da farko har asuba take kai ni, yanzu ko awa ɗaya ba ta yi sai ta mutu, ga zafin Zariya sai a hankali. Gyara ake yi ko sabuwa zan nema?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Malam kar ka yar da ita, batirin ne ya gaji. Yawancinsu batirin dalma ne a ciki, shi kuwa in ka bari ya ƙare ƙaf ya kwana biyu ba caji to wani abu kamar gishiri ke daskarewa a farantan ciki, shikenan ya daina ɗauka. Kwance shi ka kai kasuwar Sabon Gari a ba ka irinsa.

Maman yara: Wallahi haka fitilata ta yi, tun damina na ajiye ta.

Ɗalibin Kongo: Na waya kuma litiyom ne, zafi ke cinye shi. In ya kumbura a canza maza, yana iya kamawa da wuta.

Ɗan Samaru: Na gode, 6V na ga an rubuta a jikinsa, gobe zan leƙa kasuwar insha Allah.